Yadda Za Ka Kwatanta da Turanci Kyautar da Ba a Taɓa Yi Maka Ba

Kai da aka ce za a zaunar da kai gaban mai jarrabawa ka yi magana da Turanci, share guminka, ka zo wurin da ya dace. Duk wanda ya bi matakan nan bi da bi, na yi masa alkawari bakinsa zai buɗe, Turanci ya riƙa zuba kamar famfon da aka manta ba a rufe ba, ko da abin da ya sani yau bai wuce "tankiyu" da "sori" ba. Na yi ƙuruciyata ina masinja a ofis, na sha Turanci ta ramin makulli har na ƙoshi: na faɗa, na lallashi, da na neman ƙarin girma. A can na gano cewa shi Turanci a haƙoran gaba yake zaune, shi ya sa mai giɓi yake shan wahalarsa.

Tambayar da masu jarrabawa suka fi ƙauna ita ce: "Kwatanta wata kyauta da ka daɗe kana so, wani ya ba ka." A kanta za mu yi aiki. Misalinmu kuwa maƙwabcina ne, direban wani kamfani, wanda ake kira Sannu-Sannu domin har mai keke yakan kaɗa masa ƙararrawa ya wuce. Kamfanin ya koma hannun wasu baƙi da ba sa jin harshenmu, suka ce duk direban da ya faɗi jarrabawar baka ya ajiye makulli a kan tebur ya kama gabansa. Shi kuwa furfura ta gama cinye masa kai, kuma ba a taɓa jin wanda ya fita neman sabon direba mai furfura ba. Makullin motar nan shi ne tukunyar gidansa.

Mataki na 1: Ka tabbatar ba a taɓa ba ka abin da kake so ba

Zauna ka yi tunani, amma kada ka daɗe, abin yana kawo ciwon kai.

Sannu-Sannu ya zauna a tsakar gida ya bi rayuwarsa daga farko. Ya tuna kalandar kamfani. Ya tuna lema mai tambarin kamfani, wadda iska ta kifar ranar farko. Ya tuna wata hula da surukinsa ya kawo masa, ta tsaya masa a ƙoƙon kai kamar murfin kwalba. Babu ɗaya a ciki da ya taɓa kwana yana so.

"Wai ni me ma nake so?" ya tambayi matarsa.

"Kai?" in ji ta, ba ta ko ɗago daga wanke-wanke ba. "Shayi mai zafi, da a ƙyale ka ka yi gyangyaɗi."

Ta faɗi gaskiya. Rabin aikin direban kamfani jira ne: jira a ƙofar banki, jira a ƙofar taro, jira a ƙofar gidan da aka ce "yanzu zan fito". Shayin da yake ɗaukowa a gorar roba kafin hantsi ya zama ruwan wanka. Akwai kuwa wani kanti a mararrabar da fitilar hanya ke tsayar da shi, a bayan gilashinsa an jera wani fulas na ƙarfe, dogo, mai ƙyalli kamar azurfa, murfinsa ya zama kofi. Wani lokaci da gangan yake rage gudu don ja ta kama shi ya ƙare masa kallo.

Ni kaina na daɗe ina mamakin fulas. Ba wuta a cikinsa, ba gawayi, amma zafi ya shiga ya ƙi fita. Ina zaton duhu ne yake ruɗa shi ya rasa ƙofa.

Mataki na 2: Ka zaɓi mai kyautar cikin waɗanda ba su taɓa ba ka komai ba

Kada ka yi kuskuren ambaton wanda yake yi maka alheri da gaske. Alherin gaske ba shi da fasali.

Sannu-Sannu yana da 'ya, Auta, ma'aikaciyar jinya a asibiti. Ita ke kawo masa maganin hawan jini kafin na hannunsa ya ƙare, ita ta canza masa gilashin tabarau, ita ke kiran mai gyara in rufin ɗaki ya fara yoyo. To faɗa mini, wa zai zauna gaban baƙo ya kwatanta ƙwayar hawan jini? Fara ce, ƙarama ce, tana da ɗaci. Ka gama ke nan, sauran lokacin sai ku yi ta kallon juna.

Yana kuma da babban ɗa, wanda ake kira Injiniya. Cazar waya da rigar waya yake sayarwa a bakin titi, kuma injin da ya taɓa kusanta shi ne na aski. Tun da ya yi wayo bai taɓa shigowa gidan da wani abu ba sai yunwa. To wannan shi ne mutuminka. Wanda bai taɓa ba ka komai ba fili ne fetal, kana iya gina duk abin da ka ga dama a kansa. Ban da haka, Sannu-Sannu ya daɗe yana marmarin ya ji bakinsa ya ce "ɗana ya saya mini", ko sau ɗaya ne, ko da a harshen da ba nasa ba.

Mataki na 3: Ka nemo mai juya maka ƙaryar zuwa Turanci

A nan kada ka ji kunyar kowa. Mai Turanci ɗaya ne a gidan Sannu-Sannu, don haka ya jira Auta ta dawo daga aiki, ta zauna bakin ƙofa tana cire takalmi.

"Auta, ɗan taimako za ki yi mini. Labari za ki mayar mini Turanci."

"Wane labari, Baba?"

"Na fulas ɗin da yayanki ya saya mini."

Ta tsaya da takalmi ɗaya a hannu. "Yaya ya saya maka fulas? Yaushe?"

"Bai saya ba tukuna. A jarrabawa ne zai saya."

"Oho." Ta ajiye takalmin a hankali. "To da ya miƙa maka, me ya ce?"

"Ya durƙusa, ya ce: Baba, wahalar da ka sha a kanmu ba za ta biyu ba."

"Yaya ne ya durƙusa?"

"Ke dai ki sa."

Matarsa Inna ta ɗaga murya daga kicin: "In dai ƙarya za a yi, a sa har da firij ɗin da ya saya mini. Kada a bar ni a baya."

Auta ba ta yi dariya ba, ba ta kuma ƙi ba. Ta karɓi wayar ubanta ta naɗa masa labarin da muryarta, jimla bayan jimla, don ya riƙa saurare yana bi. Ta gyara masa harshe har ta gaji.

"Baba, wannan kalmar sai ka fito da harshenka tsakanin haƙora."

"Ni da girmana in fito wa mutum harshe?"

"To ka ajiye makulli da girmanka."

Ya fito da harshen. Daga ranar, duk inda ya ajiye mota, muryar Auta ce a kunnensa tana yabon Injiniya da Turanci mai kyau.

Mataki na 4: Ka maimaita da ƙarfi, kuma a bainar jama'a

Turancin da aka yi a zuci ba Turanci ba ne, tunani ne kawai. Ka buɗe murya.

A bayan ofishin akwai wata rumfa mai benci biyu inda direbobi ke zaman jira suna karta. Nan Sannu-Sannu ya mayar makarantarsa. Ya rufe ido, ya ɗora hannu a gwiwa, ya kama daga gaisuwa har zuwa durƙuso, ya koma farko. Da fari dariya suka yi ta yi masa. Daga baya sai kartar ta yi sanyi, rumfar ta yi tsit. Ka tuna su ma jarrabawar nan tana jiransu, kuma ba kowa ke da mai Turanci a gida ba. In ka ga abokan aikinka sun yi shiru leɓunansu suna motsi tare da naka, kada ka damu. Sha'awarka suke yi.

Akwai wani direba a cikinsu, Ba-Birki, mutum mai baki da ƙafar dama mai nauyi. Shi ya ce, "Dattijo, fassara mana mu ma mu ji daɗin."

Sannu-Sannu ya fassara. Ya manta bai ce musu ƙirƙira ce ba, ko kuma bai manta ba.

"Injiniya? Mai caza?"

"Shi fa."

"Har da durƙuso? Kai, ashe yaron nan ɗan albarka ne muna yi masa kallon banza."

Kafin mako ya zagayo, labari ya kai bakin titi. Masu wucewa suka riƙa tsayawa a teburin Injiniya suna yi masa jinjina, shi kuwa ya sunkuyar da kai ya ce, "Ai ba komai, uba ne." Wasu ya ce musu daga waje aka kawo fulas ɗin. Wasu kuma ya ce musu guda biyu ne suka shigo ƙasar, ɗayan wani babban mutum ya saya.

Mataki na 5: In aka nemi ganin kyautar, ka je ka tuna wa mai kyautar

Wannan ranar za ta zo, domin mutane ba su da tarbiyya.

"Dattijo," in ji Ba-Birki, "kullum fulas a baki, ba mu gan shi a hannu ba. Ko shi ma sannu-sannu yake tahowa?"

"Yana gida cikin kwalinsa. Ba abin yawo ba ne."

"To ranar jarrabawa ka zo da shi, kowa ya jiƙa maƙogwaro. In ba haka ba mu ce gorar robar nan ce ta yi mafarki."

Sannu-Sannu ya tashi aiki ya wuce teburin ɗansa. Ya daɗe yana jujjuya wata caza a hannu kafin ya yi magana.

"Injiniya, ka ji abin da ake faɗa a gari?"

"Na ji, Baba. Wallahi har kunya nake ji. Ni ba na son a riƙa yayata alherina."

"To ai shi ne na ce... fulas ɗin nan..."

"Baba, kasuwa ta yi sanyi, kai ma kana gani. Amma abin yana raina, kuma abin da yake rai kamar an saya ne."

Don kada uban ya tafi hannu rabbana, ya ɗauko masa rigar waya guda, ba ta irin wayarsa ba, ya ce in ba ta shiga ba a dawo masa da ita, akwai mai so. Sannu-Sannu ya koma gida ya kasa cin abinci. Inna ta tambaye shi, ya gaya mata. Abin da aka gaya wa Inna kuwa an gaya wa Auta.

Mataki na 6: Ranar jarrabawa kada ka karɓi komai daga hannun kowa

Ka kula da wannan, domin a nan maƙwabcina ya fara kauce wa koyarwata.

Da safe yana ɗaure igiyar takalmi, Auta ta fito da shirin aiki, ta ajiye leda a gabansa. Ya buɗe. Fulas ne. Ba dogon nan mai ƙyalli ba, ƙarami ne, shuɗi, da ɗan ƙarzo a gefe, amma na ƙarfe ne, murfinsa kofi ne, kuma da nauyi, an riga an cika shi.

"Daga ɗanka," in ji ta. "Ya ce in gaya maka wahalar da ka sha a kanmu ba za ta biyu ba. Durƙuson ne ka yafe, Baba, jiya a tsaye na wuni."

Ta saɓa jaka ta fice kafin ya haɗa kalma biyu, da Hausa ma, balle Turanci. Ya zauna da fulas a cinya, igiyar takalmi ɗaya a kwance.

Ka ga illar kyautar gaske? Haddarsa ta ce dogo, wannan gajere. Haddarsa ta ce azurfa, wannan shuɗi. Gaskiya ba ta da aiki sai ɓata wa mutum tsari.

Mataki na 7: Ka shiga na farko

Na farko, na ce. Ture kowa in ya kama.

Sannu-Sannu kuwa ya bi halinsa. Ya zauna a ƙarshen benci a barandar ofis, rungume da fulas, yana ce wa kowa "bismillah, wuce". Ba-Birki ya leƙa fulas ɗin ya ce, "Wannan ne na waje? Ya motse a hanya." Amma ya shiga, ya fito yana washe baki, ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Dattijo, Allah ya yi wa Injiniya albarka." Na bayansa ma haka. Kowa ya fito sai ya sa wa Injiniya albarka.

Da layi ya zo kansa ya tarar da mai jarrabawar, wata mata mai tabarau, ta tallafe goshi da hannu kamar mai jinya. Ya ce, "Gud monin, Madam," ya zauna, ya rufe ido, ya ɗauko jimlar farko tsaf, har da fito da harshe inda ya kamata.

Ta ɗaga hannu. Ya tsaya.

Sai ita ta ƙarasa masa jimlar. Ta ɗora ta biyu. Ta bi har ƙarshe ba ta tsallake ko durƙuson ba. Ashe duk direban da ya shigo ɗakin nan yana da ɗa mai durƙuso da fulas mai ƙyalli, har da wanda bai taɓa aure ba. Ta nuna masa ƙofa da biro, ta nuna bakinsa, ta ce, "Anoda wan." Wannan ya gane: ko wani labarin, ko ƙofa.

Turancin da ya tara ya watse kamar tsuntsaye an buga ƙaho. Ya ji makulli a aljihunsa yana danna masa cinya. Ya dubi silin, babu komai. Ya dubi hannunsa, ga fulas.

Ya ɗora shi a kan tebur. Ya ce, "Mai dota," wato 'yata. Ya nuna ƙasa da yatsa ya ce, "Tude," wato yau. Ya kwance murfin, ya tsiyaya, tururi ya tashi tsakaninsu, ya tura mata.

Ta kurɓa, ta yamutsa fuska. Babu sukari ko kaɗan.

"No shuga," in ji shi. "Mai dota, nas." Ya dafa ƙirjinsa, ya kaɗa yatsa kamar yadda Auta ke kaɗa masa.

Matar ta yi dariya, ta cire tabarau, ta fara tambaya. Ni da na ji labarin na tausaya wa Turanci. Ya karya shi, ya ɗingisa shi, inda kalma ta ƙare ya cike da hannu da gira. Amma ya gaya mata jiran ƙofar banki, da shayin gorar roba, da kantin mararraba, da yadda wannan fulas ɗin ba shi ne wanda ya so ba, kuma ba zai musanya shi da wancan ba. Duk abin da ta tambaya ya fahimta, ya kuma ƙoƙarta.

Sai ta yi tambaya ta ƙarshe, a hankali, kalma-kalma: shi kuma wace kyauta ya taɓa ba 'yar tasa, wadda ta daɗe tana so?

Ya gane kowace kalma. Amsar ce babu, a kowane harshe. Matar ta dube shi, ta yi rubutu, ta ce ya tafi da makullinsa. Masu ɗa mai durƙuso kuwa aka ce su dawo wani zagayen, kowa da nasa labarin.

Mataki na 8: In ka ci, ka bar mai kyautar ya ci gaba da karɓar yabo

Haka ake zaman lafiya. Sannu-Sannu ya dawo da yamma ya tarar da Injiniya a tsakar gida, kwano a gabansa, labari ya riga ya iske shi.

"Baba, barka! Na ce ai fulas ɗin nan zai yi aiki. Ɗan ara mini shi kwana biyu, mutane suna ta son ganin abin da na saya."

Ya miƙo hannu. Sannu-Sannu ya janye fulas ɗin zuwa ƙirjinsa, ya dubi ɗansa ido cikin ido, ya ce, "No."

Na sha jin Turanci ta ramin makulli, ban taɓa jin mai tsabta kamar wannan ba. Ta kan katanga na jiyo shi.

Auta ba ta dawo ba tukuna. Ya zauna kusa da Inna yana jujjuya murfin, can ya ce, "Wai yarinyar nan, me take so ne?"

"Sai yau?" in ji Inna. "In ta dawo ka tambaye ta mana. Ba sai da Turanci ba."

Gargaɗi

Ni dai na ba da matakai, ban ce a tsallake su ba. Wanda ya bi su aka sallame shi, kada ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, ba ni na haifa masa 'ya'ya ba. Wanda abokan aiki suka kwashe wa hadda ya tuhumi muryarsa. Wanda ɗansa ya yi suna a gari da kyautar da bai saya ba, su sasanta a gida. Ba na karɓar ƙorafi a kan harshen da aka fito da shi ya ƙi komawa, ko shayin da aka sha ba sukari. Wanda kuma ya duba gidansa bai ga Auta ba, kada ya wahalar da haƙoransa na gaba: ya je ya ajiye makullin tun ba a tambaye shi ba.